Ina Jin Kiran Ubangiji, Amma Matata Ta Ce Ba Da Ita Ba

Baba, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni malami ne a wata sakandaren gwamnati, shekaruna 37, ina da mata da 'ya'ya uku. Mahaifina ya rasu, Mama tana hannuna, ni ne kuma nake biya wa ƙanena kuɗin makaranta. Tun ina saurayi nake koyarwa a Makarantar Lahadi, ina kuma cikin ƙungiyar bishara ta Sabon Rai. Shekara biyu ke nan ikilisiyarmu takan aike ni wani ƙauye da ke bayan garinmu, inda akwai 'yar majami'a da ba ta da makiyayi. Duk ranar da na je na dawo, zuciyata can take kwana. Bara, a wani taron farkawa, baƙon mai wa'azi ya nuna ni a tsakiyar jama'a ya ce ni Yunusa ne, wai ciwon sikilar da 'yata take fama da shi ba zai bar gidana ba sai na daina guje wa Allah. Na je wurin fastonmu, ya ce in ajiye aiki in tafi makarantar tauhidi. Matata 'yar mai bishara ce. Ta ce ta san yunwar gidan mai bishara, ta fito, ba za ta koma ba. Mama kuwa da na taɓa maganar sai ta fashe da kuka. Mako uku ke nan ni da matata daga gaisuwa sai gaisuwa. Na riga na rubuta takardar ajiye aiki, ba ta sani ba. Baba, in miƙa ko in dakata? Ina tsoron kada jinkirina ya zama sanadin ran 'yata.

Wani ɗan'uwa, daga Jihar Gombe

Ɗana, salama gare ka da iyalinka. Ka dakata, kada ka miƙa takardar nan a bana. Na fara da amsar ne don ka sami sukunin karanta sauran maganar hankali kwance, domin daga yadda ka rufe wasiƙarka na gane ba ka samun barci.

Zan soma da batun yarinya, don shi ne ya fi ci maka rai, shi ne kuma ya fi sauƙin warwarewa. Sikila ciwon gado ne. Kai da mahaifiyarta kowannenku yana ɗauke da ƙwayar halittar a jininsa tun ranar da aka haife shi, kuma idan masu jinin AS biyu suka yi aure, kowane ciki yana da kashi 1 cikin 4 na zuwa da SS. An rubuta wannan a jikinku tun kafin ka san hanyar ƙauyen nan. Da ka shiga makarantar tauhidi tun shekara goma da suka wuce, da haka yarinyar za ta zo. Akwai 'ya'yan fastoci masu sikila, akwai 'ya'yan limamai, akwai 'ya'yan waɗanda ba sa zuwa ko'ina. Ka buɗe Yahaya sura 9. Almajirai sun ga mutumin da aka haifa makaho, suka tambaya ko laifinsa ne ko na iyayensa, Yesu ya ce ba na ko ɗaya ba. Mutumin da ya nuna ka da yatsa a gaban jama'a ya ɗora maka kayan da Ubangiji da kansa ya sauke daga kan iyayen makahon. Ban san zuciyarsa ba, mai yiwuwa da kyakkyawar niyya ya yi, amma ya hau motarsa ya tafi, kai aka bari da dare. Allah ba ya garkuwa da ɗan mutum don ya sami ma'aikaci. Abin da 'yarka take bukata shi ne zuwa asibiti a kan kari, shan maganin da likita ya rubuta, ruwa da yawa, gidan sauro, da uba wanda hankalinsa yake tare da shi ranar da ciwon ya tashi da tsakar dare.

To, mu cire maganar baƙon nan gefe, mu ga abin da ya saura. Abin da ya saura ba ƙarami ba ne. Tun kafin wani ya kira ka Yunusa kana tafiya ƙauyen, kana dawowa da nauyin mutanensa a zuciya. Ba kwalar fasto ta kai ka ba, ba kujerar gaba ba, don a irin wannan majami'a benci ma a ƙirge yake. Wannan nake girmamawa a wasiƙarka. Sai dai ka tambayi kanka tsakani da Allah: kafin taron farkawar, ka taɓa tunanin ajiye aiki? Idan amsar a'a ce, to ƙauna ce ta kai ka ƙauyen, tsoro ne kuma ya rubuta takardar. Ka raba su, kada ka bar na biyun ya yanke hukunci a madadin na farkon.

Ka lura da yadda kira yake tabbata a cikin Littafi Mai Tsarki. Sama'ila ya ji murya da kunnensa, amma sai da tsoho Eli ya gane masa wanda yake kiran. A Ayyukan Manzanni sura 13, ikilisiyar Antakiya tana cikin sujada da azumi aka ce a keɓe Barnaba da Shawulu, ikilisiyar ce kuma ta ɗora musu hannu ta sallame su. Shi Shawulu ɗin, wato Bulus, ya ga haske a hanyar Dimashƙu shekaru da dama kafin wannan rana, bai ce jiran ya ɓata masa kira ba. Timoti kuma, kafin Bulus ya ɗauke shi, 'yan'uwa na Listira da Ikoniya sun riga sun shaide shi. Abin da ke ciki yana haɗuwa da shaidar mutanen da suka san ka. Kai kuwa zuwa yanzu shaidunka biyu ne: baƙon da bai san sunan matarka ba, da fasto guda a zama guda.

Ban ga laifin fastonku sosai ba. Mutum ne da yake da ƙauyuka a wuyansa, ma'aikata kaɗan, ga malami mai ilimi da himma ya shigo ofishinsa yana cewa yana jin kira. Ko wane makiyayi zai yi murna. Amma murna daban, shiri daban. Ka koma wurinsa da ladabi ka yi masa tambayoyin da ba a yi ba a zaman farko. Shin ikilisiya ce za ta aike ka, ko kai ne za ka kai kanka? Wa zai biya kuɗin makaranta? Iyali a ina za su zauna, me za su ci? Dattawa sun zauna a kan maganar? Gunduma ta sani? Idan ya ce Ubangiji zai tanada, ka ce amin, sannan ka sake tambaya ta hannun wa.

Akwai wani abu kuma da na ga ba wanda ya gaya maka. Ba ka ambaci ɗarikarku ba, amma tsarin makarantun tauhidi kusan ɗaya ne a manyan ɗarikun Arewa, irin su ECWA da COCIN da EYN. Ko JETS ta Jos ce ko makarantar Kagoro ta ECWA, ko Gindiri ta COCIN, ko Kulp ta EYN da ke Kwarhi kusa da Mubi, ko TCNN ta Bukuru wadda ikilisiyoyin TEKAN, wato Tarayyar Ekklisiyoyin Kristi a Nijeriya, suka yi tarayya a kanta, karatun shekaru ne, uku ko huɗu ga mai neman difloma ko digirin farko. Ana neman takardar shaida daga ikilisiyarka. Ka gama, ba ranar za a naɗa ka ba, sai ka yi wasu shekaru ana duba aikinka. Sannan ga babbar maganar: daga ranar da ɗarika ta ɗauke ka aiki, ba kai ne mai zaɓen inda za ka zauna ba. Majalisa ce za ta tura ka, ita ce kuma za ta ɗauke ka bayan 'yan shekaru ta kai ka wani wuri. Ƙauyen da zuciyarka take kwana a cikinsa zai yi shekara huɗu ba kai, bayan haka kuma babu tabbacin can za a mayar da kai. Ka ga ke nan tambayoyi biyu ne ka cusa a buhu ɗaya. Ta farko, Allah yana kiranka ka yi wa mutanen ƙauyen nan hidima? Ta biyu, yana kiranka ka zama fasto na cikakken lokaci, a tura ka duk inda aka ga dama? Ta farkon, ina ganin alamunta a fili. Ta biyun ba a gwada ta ba tukuna.

Kada kuma ka raina matsayin da kake a kai yanzu. Yawancin majami'un ƙauyukan Arewa ba Rabaran ne ya kafa su ba. Manoma ne da malaman aji da ma'aikatan shan magani, waɗanda suke aikinsu da rana, da yamma su shimfiɗa tabarma su koya wa mutane karatu da Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka kammala bugawa a 1932. Shi ya sa har yau a wurare da yawa Malam ake ce wa mai bishara. Sabon Rai da kake ciki, tun shekarun 1960 ginshiƙinta ke nan, cewa shaidar bishara aikin kowane mai bi ne. Bulus ma a Koranti ɗinkin tanti yake yi tare da Akila da matarsa, ranar Asabar ya shiga majami'a. Allon da kake rubutu a kai Litinin zuwa Juma'a bai hana ka komai ba. Shi ne ma yake zuba mai a babur ɗin da ke kai ka ƙauyen.

Yanzu sai uwargida, kuma a nan zan daɗe, don a nan ne gyaran yake. Ɗana, matarka ba Shaiɗan ba ce a kan hanyarka, ba kuma mai ƙarancin bangaskiya ba ce. A gidanku kaf, ita kaɗai ce ta taɓa zama a cikin abin da kake shirin shiga. Kai ka san gidan mai bishara daga bakin ƙofa, ita ta san shi daga madafa. Ta san watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, baikon Lahadi bai kai kuɗin mudu biyu ba, ma'aji ya zo yana sosa ƙeya yana cewa a yi haƙuri sai kaka. Ta san baƙon da zai sauka da magariba ba sanarwa, uwa ta raba tuwon yara biyu ta ce musu ai sun ci da rana. Ta san ɗaure kaya a bayan a-kori-kura a tsakiyar zangon karatu, sabuwar makaranta, sabon yare. Ta ga yadda ake sa wa mahaifiyarta ido: in ta ɗaura sabon zane a ce kuɗin ikilisiya ne, in ta ɗaura tsoho a ce tana kunyata miji. Kuma ta san cewa ranar da aka ɗauke ka, an ɗauke ta ita ma ba tare da an tambaye ta ba, don ita za a sa ran ta riƙe Zumuntar Mata, ta je gidan haihuwa, ta je gidan makoki, ta sasanta masu faɗa, ba ko sisi. Ƙara da yarinya mai sikila a ƙauyen da asibiti yake da nisa, hanya kuma ta yanke da damina. Ƙara da halin tsaron da muke ciki. Ba wanda ya manta da Rabaran Lawan Andimi na EYN, wanda aka sace a Michika aka kashe a watan Janairun 2020. Macen da ta auna duk wannan ta ce tana tsoro, hankali ne ya yi magana.

Ka tuna kuma malamin makaranta ta aura. Kai ne kake son canja yarjejeniyar, don haka kai ne mai lallashi. A 1 Timoti sura 3, cikin sharuɗɗan mai kula da ikilisiya har da iya riƙon gidansa, aka kuma yi tambaya: wanda bai iya da gidansa ba, yaya zai iya da ikilisiyar Allah? Mako ukun nan na shiru su ne jarrabawarka ta farko a aikin makiyayi, tun kafin ka ga ƙofar makarantar tauhidi. Idan ka tafi ka bar ta da ɗaci, wa'azin aure na farko da za ka yi, tana zaune a benci tana kallonka, zai maƙale maka a wuya.

Ga yadda nake so ka yi. Ka sami lokacin da yara suka yi barci, ka fito da takardar ka nuna mata da hannunka, ka ce ka rubuta ba da saninta ba, ba daidai ka yi ba, kuma ba za ka miƙa ba sai da yardarta. Za ta iya yin fushi a daren, ka jure, gara ta ji daga bakinka da ta tsince ta. Bayan haka ka roƙe ta ta ba ka labarin gidansu, dukansa. Kada ka katse ta da aya. Kada ka ce ai yanzu zamani ya canja. Ka tambaye ta abin da ya fi yi mata ciwo, da abin da take tsoro ya sami 'ya'yanta. Wataƙila ka tarar ba aikin Ubangiji take ƙi ba, wani abu takamaimai ne, kamar ranar da aka kore ta daga makaranta saboda kuɗi, kuma abu takamaimai ana iya yi masa shiri. Abin da ban yarda ka yi ba shi ne ka tura mata matar fasto ko shugabannin Zumunta su je su yi mata nasiha. Za ta ce to don kunya, zuciyarta kuwa ta ƙara nisa. In mahaifinta ko mahaifiyarta suna raye, ku je tare ku gaishe su, ka zauna ka saurari tsohon. Ya fi ni sanin abin da zai gaya maka.

Maganar Mama gajeriya ce. Na san za a karanta maka ayar da ta ce wanda ya fi son uwa ko uba bai cancanci Almasihu ba, gaskiya ce kuma. Amma Yesun da ya faɗi haka shi ne ya tsauta wa Farisiyawa a Markus sura 7 don suna cewa abin da ya kamata su ba iyayensu sun keɓe wa Allah, shi ne kuma yana kan gicciye ya danƙa mahaifiyarsa a hannun Yahaya. Kukan gwauruwar da ɗanta ne abincinta ba tawaye ba ne. Ka gaya mata a fili cewa ba za ka motsa ba sai ka san wanda zai riƙe ta. Ƙanenka kuma ka zaunar da shi ka ji shekara nawa ta rage masa, don wannan lissafin yana cikin lokacin da za ka iya tashi.

Shawarata ita ce ka ba wa abin shekara guda cur, daga wannan kaka zuwa ta baɗi, kuma shekarar aiki ce. Ka rubuta wa dattawan ikilisiya cewa kana jin kira, kana roƙo su gwada ka. Su miƙa maka majami'ar ƙauyen a hukumance, a tsaye a gaban jama'a a yi maka addu'a, a sa wani dattijo ko tsohon fasto ya riƙa bin sawunka. Ka daina zuwa jefi-jefi kamar baƙon mai wa'azi, don baƙo kowa na son sa, a yanka masa kaza a raka shi bakin hanya. Ka je kowace Lahadi, da wata yamma a tsakiyar mako. Ka riƙe ajin baftisma. Ka zauna da su ranar da dattawa biyu suka ƙi gaisawa saboda iyakar gona. Ka tsaya a bakin kabarin yaro, uwarsa tana kallon bakinka. Ka ƙirga baiko tare da ma'aji, ka rubuta, ka karanta wa jama'a. Ka ji yadda ake yi ranar da ka kwana kana shiri, mutum tara suka zo don ana shuka. Wa'azi shi ne ɓangaren aikin da ya fi daɗi, kuma shi kaɗai ka ɗanɗana zuwa yanzu. Amma ka ware Lahadi ɗaya a wata ka yi sujada da iyalinka, kuma duk ranar da ciwon yarinya ya tashi, gida ne wurin aikinka. Ka horar da mutum biyu a ƙauyen da za su iya riƙe sujada in ba ka zo ba.

A cikin shekarar ka fara karatu ba tare da ka bar aiki ba. Akwai tsarin TEE, karatun tauhidi wanda ake yi daga gida ana haɗuwa lokaci-lokaci, akwai kuma makarantun tauhidi masu azuzuwan lokacin dogon hutu, wanda ya yi daidai da hutun malamai. Ka tambayi ofishin gundumarku wanda ɗarikarku ta amince da shi, kada ka kashe kuɗi a kan takardar da ba za su karɓa ba. Ka kuma je ma'aikatarku ka nemi bayani a rubuce a kan hutun karatu, mai albashi da marar albashi, da abin da zai sami fanshonka in ka ajiye aiki yanzu, da in ka ƙara wasu shekaru. Hutun karatu ƙofa ce da ake iya dawowa ta cikinta. Sannan ka tambayi fasto nawa ake ba sabon ma'aikaci a ƙauye, ku gwada zama a kan wannan kuɗin wata uku, kai da uwargida, ragowar albashin ku ajiye. Kuɗin maganin yarinya kada a taɓa shi. Yesu da kansa ya ce mai son gina hasumiya ya fara zama ya yi lissafi, don haka riƙe biro da takarda ba rashin bangaskiya ba ne.

In kana jin shekara guda ta yi yawa, ka tuna da waɗanda suka kawo aikin ƙungiyar mishan ta SIM. Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham sun sauka Legas a 1893, biyun farko suka rasu a 1894, Bingham ya koma gida da ciwo. Ya sake gwadawa, zazzaɓi ya sake korar shi. Sai a 1902 aka kafa tashar farko a Patigi. Kiran yana nan duk tsawon shekarun, bai ruɓe ba.

In kaka ta zagayo, ku zauna ku huɗu: kai, uwargida, fasto, da dattijon da ya bi sawunka. Idan mutanen ƙauyen sun shaide ka, dattawa sun yarda su aike ka da takarda da tallafi, an san mai riƙe Mama, uwargida kuma ta ce mu je da bakinta ba don an matsa mata ba, to ka nemi hutun karatu ka tafi, ka kuma roƙi majalisa tun da wuri ta yi la'akari da asibiti duk lokacin da za ta tura ku. Idan ita ta ce ba yanzu ba, ka ci gaba da riƙe majami'ar da karatun hutu, a sake duba maganar ranar da ƙanenka ya gama. Mutane da yawa sun shiga aikin nan suna da shekara arba'in da wani abu, wasu ma bayan ritaya, ikilisiya ta kuma more su. Idan kuwa dattawa suka ce sun ga baiwarka ta koyarwa ce ba ta kiwon ikilisiya ba, zai yi zafi, amma ka karɓa, ka roƙe su su bar maka ajin baftisma da horar da malaman Makarantar Lahadi na ƙauyukan da ke kewaye.

Ka gaishe mini da Mama da uwargida, ka kuma rubuto mini bayan kun yi maganar daren nan, in ji yadda jikin yarinya yake.